Shiga Ajin Kimiyya da Zama a Cikinsa: Nazari Kan Ɗaliban Sakandare a Rikkos

A tsarin karatun Nijeriya akwai wata mararraba da yaro ke isa yana da shekara 14 ko 15. Da ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare sai a kasa ɗalibai gida uku: 'yan sayans, 'yan art da 'yan komashiyal. Haka abin yake tun shekarun 1980 da tsarin 6-3-3-4 ya kankama, kuma gyare-gyaren manhaja da suka biyo baya ba su kawar da wannan rabo ba. Rabon kuwa ba na wasa ba ne. Wanda bai ɗauki Fiziks da Kemistiri a SS1 ba, hanyar likitanci da injiniyanci da haɗa magunguna ta toshe masa, domin su za a tambaye shi ranar da zai cike fom ɗin JAMB. Yaron da bai gama sanin kansa ba ke nan ake sa shi ya yanke hukuncin da zai bi shi har tsufa.

Wannan nazari ya ɗauki unguwar Rikkos da ke ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya raba tambayoyi biyu da aka saba cakuɗa su: me ke shigar da ɗalibi ajin kimiyya, me kuma ke zaunar da shi a ciki idan karatu ya yi tsauri? A ganina amsoshin ba ɗaya ba ne. Abubuwan da ke tura yaron Rikkos ya shiga suna da ƙarfi ƙwarai. Abubuwan da za su riƙe shi kuma suna nan birjik a unguwar da kewayenta, sai dai makaranta ba ta miƙa hannu ta ɗauko su ba.

Garin da fasaha ta riga boko isa

Kaɗan ne cikin garuruwan Arewa suka riga Jos ganin injina. Haƙar kuza ce ta kafa garin a farkon ƙarni na 20. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso tsaunin Filato a 1914, aka kafa kamfanin NESCO a 1929 don samar da lantarki da ƙarfin ruwa a Kurra, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta zauna a Vom tun 1924. Jami'ar Jos ta soma a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971, ta tsaya da ƙafafunta a 1975. Ga kwalejin fasaha ta Bukuru, ga makarantar kimiyya ta Kuru, ga kwalejin kimiyyar awon jini da gwaje-gwajen asibiti, ga kwalejin gandun daji, ga cibiyar binciken ƙarafa. Asibitin koyarwa na JUTH kuwa da ya koma Lamingo, maƙwabcin Rikkos ne.

Amma zama kusa da abu bai sa ya zama naka. Littafin Bill Freund na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza ya nuna yadda aka raba aiki a barikokin: injiniyanci da shugabanci a hannun Turawa, aikin akawu da na ƙwararrun masu sana'a akasari a hannun mutanen Kudu, Hausawa kuwa lebura ne da shugabannin lebura da fatake da mahauta da masu sayar da abinci. Da kasuwar kuza ta durƙushe a 1985, gadon da ya rage a unguwannin Hausawa irin su Gangare da Dilimi da Rikkos shi ne ciniki da tuƙi da gareji da sana'ar hannu. Wannan tarihi yana da tasiri a kan yaron yau. A gidaje da yawa shi ne na farko da zai riƙe littafin Kemistiri, kuma babu kawu ko yaya da zai gaya masa bambancin aikin mai binciken ma'adinai da na mai awon ƙasa.

Abin da ke shigar da shi

Na farko, kuma wanda ba a cika ƙirga shi cikin dalilai ba, shi ne cewa ɗalibai da yawa ba su suka zaɓa ba. Sakamakon jarrabawar JSS3 ne ya zaɓa musu. Wanda ya ci Lissafi da kimiyyar farko sai a ce ɗan sayans ne, kuma kowa a makarantar ya san ma'anar hakan: ajin sayans na masu ƙwaƙwalwa ne, saura kuwa na waɗanda suka rage. Yaro mai ƙoƙari da ke son tarihi ko adabi zai ji kunyar faɗa, malaminsa ma zai ce masa, "Kai da ƙoƙarinka me za ka je yi a art?" Daraja ce ta ja shi, ba Fiziks ba.

Na biyu farar riga. Tambayi 'yan SS1 na ajin kimiyya abin da suke so su zama, likita za ka fi ji. A Rikkos wannan buri yana da fuska, domin asibitin koyarwa na nan kusa, kuma da wuya a sami gidan da bai taɓa kwana jinya a can ba. Yaro ya ga yadda mahaifinsa, wanda ba ya rusuna wa kowa a kasuwa, ya tsaya a ladabce gaban wani matashi mai abin awon ƙirji a wuya. Ga 'yan mata kuma akwai hujjar da ta sauya ra'ayin iyaye da dama fiye da duk wani gangamin wayar da kai: mace ta duba mace. Uban da ke ɗari-ɗari da barin 'yarsa ta yi nisa a boko yakan sassauta idan aka ce ungozoma ko nas ko likitar mata za ta zama, malaman addini ma suna ƙarfafa hakan a wa'azi. Shi ya sa kwalejin nas da ungozoma ta Vom da kwalejin fasahar lafiya ta Pankshin suke a bakin 'yan mata fiye da sashen injiniyanci na kowace jami'a. Alheri ne, amma ƙofa ɗaya kawai ya buɗe. Yarinyar da ta fi kowa Lissafi a aji ba ta da irin wannan hujja da za ta kai wa Baba idan injiniyar lantarki take son zama.

Dalili na uku ya keɓanta da Jos, a zaure ake faɗarsa ba a aji ba. Taƙaddamar ɗan asali da baƙo, wadda ta ƙara tsami bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, ta sa samun takardar shaidar ɗan asalin jiha ya zama da wuya ga Hausawan garin da yawa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan wannan matsala a 2006, Filato na cikin jihohin da ta duba. Takardar nan ita ake nema wajen tallafin karatu na jiha da aikin gwamnati. Yanke hukunci kan taƙaddamar ba aikin wannan nazari ba ne, abin da ya shafe mu shi ne yadda take shiga lissafin uba. Wani zai ce a nemi ilimin da ke tafiya da mutum ko'ina: likitanci, haɗa magani, awon jini, kwamfuta, domin majiyyaci ba ya tambayar takardar asalin mai yi masa allura. Wani kuma daga wannan lissafin zai fito da akasin haka, ya ce tunda ba aiki a ƙarshe gara yaro ya kama kasuwa tun da wuri.

Abin da masana suka gano

Edward Deci da Richard Ryan, a littafinsu na 1985, sun bambanta himmar da ke tasowa daga jin daɗin aikin kansa da wadda ake turowa daga waje, kamar lada ko yabo ko tsoro. Ba su ce ta waje banza ba ce. Sun nuna tana iya komawa ta ciki idan mutum ya sami abu uku: ya ji da yardarsa yake yi, ya ji ya iya, ya ji yana tare da mutanen da suka damu da shi. Jacquelynne Eccles da abokan aikinta kuma tun 1983 suka ce zaɓin darasi yana rataye ne a kan tambayoyin da ɗalibi ke yi wa kansa: zan iya kuwa, me zai amfana mini, me kuma zan rasa idan na bi wannan hanya?

Idan aka auna dalilan Rikkos uku da wannan ma'auni, duka daga waje suke. Suna amsa tambayar amfani da ƙarfi, amma ba su taɓa tambayar iyawa ba. Wannan ya yi daidai da abin da binciken ROSE, wanda Svein Sjøberg na Jami'ar Oslo ya jagoranta a farkon shekarun 2000, ya gano tsakanin 'yan shekara 15 a ƙasashe kusan 40: yaran ƙasashe irin su Gana da Yuganda sun fi na Norway da Japan nuna sha'awar kimiyya nesa ba kusa ba. Inda talauci yake, kimiyya tsani ce ta fita. Don haka ƙarancin sha'awa ba shi ne ciwonmu ba, kuma duk shirin da ya tsaya a kan zaburar da yara su so kimiyya yana maganin cutar da babu ita ne.

Ciwon yana bayyana ne a ƙarshen SS3. Alƙaluman JAMB na 2022 sun nuna fiye da mutum 360,000 ne suka nemi likitanci da dangoginsa, guraben kuwa ba su kai 44,000 ba. Wanda duk himmarsa farar riga ce, ranar da ya rasa gurbi ba abin da ya rage masa. Wasu su maimaita jarrabawa shekara biyu ko uku, wasu su bar karatun, wasu su karɓi Fiziks ko Kemistiri ko Bayoloji zalla da jami'a ta ba su suna ganin an yi musu ragi. Daga cikin waɗannan na ƙarshe ake samun malaman kimiyya na sakandare. Ba duka ba, akwai malamai a unguwar da suke koyarwa da zuciya ɗaya a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, kuma kusan duk ɗalibin da ya ɗore zai iya kiran sunan irin wannan malami guda. Amma idan mai koyar da darasi shi kansa yana ɗaukarsa abin da ya rage masa bayan ya rasa likitanci, da wuya ɗalibansa su ga darasin yana da wata daraja ta kansa.

Hannu

Jin cewa "na iya" ba ya samuwa ta wa'azi. Albert Bandura ya nuna tun 1977 cewa babban tushensa shi ne mutum ya yi abu da kansa ya ga ya yiwu. A kimiyya wannan na nufin ɗakin gwaje-gwaje, kuma nan ne makarantunmu suka fi rauni. Ɗalibai da yawa ba sa taɓa buret da fifet sai saura makonni a yi firaktikal na WAEC ko NECO, lokacin da makaranta ta sayo kayan da jarrabawa ta buƙata kawai. Shekara biyu da rabi kafin nan haddar zane ne a allo. Matsalar ta tsufa. A shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta shigo da injinan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatuna saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san su.

Kano ta gwada wata hanya a 1977 da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya ta ƙara ta 'yan mata a Taura. An zaɓi ɗalibai ta jarrabawa, aka tara su a makarantar kwana mai kayan aiki da malamai, a ƙarƙashin hukuma ta musamman. Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a kan shekaru goman farko na wannan shiri, kuma likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa da dama can suka fito. Darasin a fili yake: tara kaya da malamai wuri guda yana aiki. Sai dai tsari ne na zaɓaɓɓu, mafi yawan yara ba sa shiga.

A Filato akwai irin wannan dama a Kuru da Bukuru, amma rikice-rikicen Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010 sun sake zana taswirar garin a zukatan mutane. Musulmi da Kirista suka koma zama unguwa-unguwa, kowane ɓangare yana lissafin inda ɗansa zai kwana lafiya. Uban da ke Rikkos zai yi tunani sau biyu kafin ya kai yaro makarantar kwana a kudancin gari, kamar yadda uban da ke Anguwan Rukuba zai yi kafin ya tura nasa cikin unguwannin Hausawa. Sakamakon haka makarantu masu zaman kansu da na ƙungiyoyin addini suka yawaita a cikin unguwa. Sun rufa asiri ƙwarai, sun sa yara da yawa a aji, musamman mata. Amma makarantar da ke karɓar kuɗi kaɗan daga iyaye masu ƙaramin ƙarfi ba ta iya gina ɗakin gwaji uku da riƙe ƙwararren malamin Fiziks.

Jarin da ba a ƙirga ba

Binciken ASPIRES da Louise Archer ta fara a King's College ta Landan a 2009 ya bi yara tun suna shekara 10. Ya gano yawancinsu suna jin daɗin darasin kimiyya, amma ƙalilan ne ke ganin kansu a matsayin masu aikinta. Abin da ya raba su shi ne abin da masu binciken suka kira jarin kimiyya: abin da yaro ya sani, mutanen da ya sani, abin da ake hira a kai a gidansu, da abin da yake yi bayan an tashi makaranta. Daga baya suka fito da salon koyarwa da ke farawa daga abin da ɗalibi ya zo da shi daga gida.

Idan aka ƙirga wannan jari da yawan masu digiri a dangi, Rikkos talaka ce. Idan aka ƙirga shi da abin da hannu ke yi, labarin ya sauya. Yaron da ke zuwa shagon gyaran waya da yamma yana riƙe mita yana auna wuta a jikin allon waya, ya san inda ta yanke da inda ta haɗe. Wanda ke bin mai haɗa sola yana lissafin yawan wat da ƙarfin batir da girman inbata kafin a sayi kaya, domin kuskure asarar kuɗin Oga ne. Ɗan rewaya ya san abin da ke faruwa idan aka rage zagayen waya a kan koyil. Ɗan mahauci a 'Yan Shanu ya buɗe cikin saniya sau ba adadi, ya san sassan tumbinta huɗu, ya san hantar da tsutsa ta ci da huhun da ya lalace. Waɗannan yara su ne da safe ake rubuta musu dokar Ohm ko tsarin narkar da abinci a allo da Turanci, su haddace, ba wanda ya ce musu abin da suka yi jiya da yamma ke nan. Abin takaici ne ƙwarai a ce yaro yana aikata Fiziks da hannunsa yana kuma ganin ba shi da kan Fiziks.

A nan ne tambayar Eccles ta uku ke cizo. Gareji yana ba yaro abin da aji bai ba shi ba: yana gyara abu ya tashi, Oga ya yaba, ya koma gida da 'yan kuɗi a aljihu. Makaranta kuwa alkawari take yi na shekara bakwai ko takwas nan gaba. Muddin aka bar su biyun suna kishiya, gareji zai ci gaba da ɗauke yara masu basirar fasaha, waɗanda da an haɗa musu hannu da lissafi da su ne injiniyoyin. Hanyar da ta kamata ta haɗa su, wato kwalejin fasaha da jarrabawar NABTEB da aka kafa hukumarta a 1992, har yanzu ana mata kallon wurin waɗanda suka faɗi.

Unguwar kanta ma littafi ce. A daren 22 ga Yulin 2012, farkon watan azumi, ruwan sama mai ƙarfi ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta bi ta Rikkos da Gangare, aƙalla mutum 35 suka rasu, gidaje kimanin 200 suka rushe. 'Yan sakandaren yau sun taso da wannan labari a bakin iyayensu, kuma duk damina ana kallon rafin da ambaliyar ta biyo da fargaba. Malamin Lissafi ko Jogarafi na iya farawa daga nan. Ruwan sama mai zurfin milimita 50 idan ya sauka a kan rufi mai murabba'in mita 100 ya zama lita 5,000, duro 25 ke nan. A kan hekta ɗaya lita 500,000 ne. Ina zai bi idan ƙasa dutse ce, gangara ta yi tsanani, an yi gini a hanyarsa, leda ta toshe kwalbati? Yaron da ya yi wannan lissafi da rufin gidansu ba zai sake tambayar amfanin darasin ba. Haka ruwan rijiya da amai da gudawa, haka kududdufan da haƙar kuza ta bari da turɓayarsu mai ɗauke da sinadarai masu fitar da tururin radiyeshin, haka allurar rigakafin dabbobi da ake haɗawa a Vom, cibiyar da aka kafa saboda cutar bushiya wadda duniya ta sanar da kawar da ita a 2011. Jikan mai sayar da shanu ya cancanci ya san wannan tarihi, ya kuma ga wurin da idonsa.

Batun abin koyi ma haka yake. Ana yawan kawo sunan Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, kuma ya cancanta. Amma na nesa burgewa yake yi, na kusa ne ke sa yaro ya ce ni ma zan iya. A Jos ɗin nan Jerry Mallo yake ƙera injinan noma, shi ne ya fito da motar da ya haɗa a 2019. A nan cibiyar nHub take koyar da rubuta manhajar kwamfuta tun 2015. Mafi kusa kuma su ne 'yan unguwar da suka zama masu haɗa magunguna da masu awon jini da injiniyoyin sadarwa, waɗanda yaro ke gani a sahun sallar Juma'a bai san aikinsu ba.

Abin da masu makarantun Rikkos za su iya yi ba tare da jiran gwamnati ba yana da iyaka, amma ba kaɗan ba ne. Makarantu huɗu ko biyar da kowace ba ta iya gina ɗakin gwaji za su iya haɗa kuɗi su gina guda mai kyau, su raba ranaku, su ɗauki mai kula da shi. Kafin a raba aji a ƙarshen JSS3 a zaunar da yara da iyayensu, tsofaffin ɗalibai masu sana'o'i dabam-dabam su yi musu bayani da Hausa, don a san bayan likitanci akwai hanyoyi da yawa, kuma art ba wurin zubar da ragowa ba ne. Malamin Fiziks ya gayyato mai haɗa sola aji da mitarsa. Wahalar da za a fara cin karo da ita lokaci ne, domin ranar yaron Rikkos a cike take: boko da safe, Islamiyya da yamma, shago ko gareji a tsakani, 'yan mata kuma ga aikin gida. Dole ne a zauna da malaman Islamiyya da iyayen gida na gareji a sasanta da su kan wasu sa'o'i na Asabar, kuma su ma a ba su gurbi a cikin shirin tun daga farko.